Iskar Briqueterie: Kwari, Hazo da Hayaƙinmu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai juya iskoki yadda Ya so, Mai saukar da ruwa a lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Duk wanda ya lizimci jam'in asuba a unguwar nan ya san cewa daga watan Disamba zuwa Fabrairu tari yana yawa a cikin sahu, har wani lokaci ya kan danne karatun liman. A islamiyya ma haka: wannan yaro mura, wancan ido ya yi ja, mai asma kuwa sai a kwana biyu ba a gan shi ba. In aka tambaya sai a ce ai sanyi ne ya shigo. Sanyi yana da nasa rabon, amma akwai abin da ya fi shi, wato ita kanta iskar da muke shaƙa. Mun ga ya dace mu yi bayanin wannan a fitowar nan, musamman da yake azumi yana ta matsowa cikin tsakiyar rani. Watan Ramadan yana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara: a 2026 farkonsa bayan tsakiyar Fabrairu, a 2028 ƙarshen Janairu, a 2030 kuma farkon Janairu. Ke nan shekaru da dama masu zuwa, in Allah Ya ba mu rai, sahur da tarawihi da tahajjud duk a cikin hazo za mu yi su.

Inda Allah Ya ajiye mu

Yawunde gari ne na tudu da kwari. Tsakiyar garin tana kan tsayin mita 700 da ɗoriya daga teku, ga kuma duwatsu sun kewaye ta ta yamma da arewa maso yamma: Febe, Mbankolo, Messa, da Eloumden can kudu maso yamma, kowannensu ya haura mita 1,000. Shi ya sa ake mata kirari da gari mai duwatsu bakwai. Tsakanin tudu da tudu kuma akwai rafi, kuma mafi yawan rafukan tsakiyar gari Mfoundi suke zubawa.

Unguwarmu, wadda sunanta na asali Ekoudou, ta samo sunan Briqueterie daga wurin gasa bulo da aka yi a nan zamanin Jamusawa, kafin su bar garin a 1916. Bulo ba ya yiwuwa sai da yumɓu da ruwa, su kuma a kwari ake samunsu. Sunan kawai ya isa ya gaya mana irin wurin da muke. Kakanninmu Hausawa sun tare a nan a shekarun 1930, lokacin da wurin yake bakin gari. Yau gari ya haɗiye mu: Tsinga ta sama, kasuwar Mokolo a gefe, Warda da babban zauren wasanni a ƙasa. Rafin Abiergue da na Ekozoa sun sa mu a tsakiya, suna gangarawa wajen Warda. Gidajenmu sun fara daga kan tudu sun sauko har bakin ruwa, kwano na taɓa kwano, lungu kuma wani sai mutum ɗaya yake wucewa. A ƙidayar 2005 mutanen Yawunde sun kai miliyan 1.8, daga nan kuma sai ƙaruwa ake yi, da motocinsu da baburansu da murhunsu.

To, me ya haɗa wannan da tari? Duwatsu suna rage ƙarfin iskar da za ta ratsa gari, gidaje masu matsi suna ƙara tare ta, kwari kuma yana tara abin da ya gangaro masa.

Murfin da ke sauka da dare

A al'ada, in rana ta fito tana ɗumama ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta yi sama, ta tafi da hayaƙi da ƙura, wata ta maye gurbinta. Shi ya sa da azahar za ka ga hayaƙin mai tsire ya miƙe sama ya ɓace.

Da dare abin yana juyewa, musamman daren rani da babu gajimare. Ƙasa tana saurin huce zafinta, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta yi nauyi. Iska mai nauyi kuma halinta ɗaya da ruwa: gangare take bi. Sai ta sulalo daga Febe da Mbankolo da sauran tuddai, ta biyo rafuka, ta kwanta a kwari. Wadda ta fi ta ɗumi kuma ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar a ƙarƙashin wannan murfi ba shi da hanyar fita, sai dai ya bazu a kwance, daidai tsayin hancinmu. Murfin yana fara haɗuwa bayan magariba, ya fi ƙarfi daga tsakar dare zuwa fitowar rana, ba ya buɗewa sai hantsi ya ɗaga. Wanda ya taɓa tsayawa a tudun Tsinga da sassafe ya dubi ƙasa ya san abin da muke faɗa: wani farin abu mai ɗan shuɗi ya shimfiɗu a kan kwanukan unguwa. Wani sashinsa raɓa ce, wani sashin kuma hayaƙin da aka kwana ana tarawa ne.

Kun ga ke nan lokacin da iskar unguwa ta fi nauyi shi ne lokacin da tsofaffinmu suke fitowa sallar asuba, yara suke tafiya makaranta, iyayenmu mata suke hura wutar kunu da ƙosai.

Mu 'yan Kamaru mun ga aya a kan yadda iska mai nauyi take bin kwari. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya amayar da iskar kabon dayoksaid, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Ta bi kwaruruwa ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu, alhali da yawa daga waɗanda suke kan tudu sun tsira. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu. Abin da ya faru a Nyos daban ne da namu, guba ce ta fito daga ƙarƙashin tafki lokaci guda, amma hanyar da ta bi ita ce dai hanyar da iskar dare take bi.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na Donora, wani ƙaramin gari a cikin kwarin kogi a Amurka. A Oktoba 1948 murfin nan ya rufe garin kwanaki a jere, hayaƙin masana'antu ya kasa fita, mutum 20 suka mutu, dubbai suka kwanta, abin bai lafa ba sai da aka yi ruwa. A Landan ma haka ta faru a Disamba 1952 da hayaƙin kwal, aka fara ƙidaya mamata 4,000, daga baya masana suka ce adadin ya kai wajen 12,000.

Kada ɗalibai su ɗauka wannan ilimi na Turawa ne su kaɗai. Likitan nan na Masar, Ali ibn Ridwan, wanda ya rayu a ƙarni na 11, ya yi rubutu a kan iskar Fusɗaɗ, tsohon birnin Alƙahira. Ya lura garin yana cikin ƙasa mai gangare, dutsen Muƙaɗɗam ya tare masa iskar gabas, lungunansa matsattsu ne, ga hayaƙin wutar gidajen wanka, don haka mazauna tudu suka fi mazauna kwari samun iska mai kyau. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, shi ma a Muƙaddima ya sa kyawun iska cikin abubuwan da ake dubawa kafin a kafa gari.

Lokuta huɗu na Yawunde

Wanda ya taso a Garwa ko Marwa ko Kano ya saba da damina ɗaya da rani ɗaya. A nan lissafin daban ne, don muna kusa da tsakiyar duniya. Muna da babban rani daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, ƙaramar damina daga nan zuwa ƙarshen Yuni, ƙaramin rani a Yuli da Agusta, sai babbar damina daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, wadda ta fi ƙarfi a Oktoba. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai milimita 1,500 ko fiye. Watan Agusta da ake marka a arewa, mu a nan ruwa ɗagawa yake yi.

Abin da ke juya waɗannan lokuta iskoki biyu ne. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, mai danshi, ita ke kawo ruwa. Ɗayar daga Sahara take zuwa ta arewa maso gabas, busasshiya, ita ce ta hunturu. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa tana saukowa kudu tare da rana. A Disamba da Janairu tana saukowa har kusa da mu, wasu kwanaki ma ta wuce mu. A waɗannan kwanakin ne muke wayar gari da hazo, Febe ya ɓace wa ido, leɓe ya tsage, rana ta zama kamar farin faranti.

Daga ina hazon yake?

Mafi yawansa daga ƙasar Cadi yake, daga wani kwari mai suna Bodele, arewa maso gabas da tafkin Cadi, kusa da garin Faya. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan wani ƙaton tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar hunturu tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar daga bakin zugazugi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani sashin ƙurarsa yana tsallake teku ya sauka a Amurka ta Kudu.

Tsakaninmu da Bodele ya haura kilomita 1,500. A kan hanya ƙura mai kauri tana zubewa a Kusiri, Marwa, Garwa da Ngaundere. Wadda take isowa Yawunde ita ce mai laushin, wadda ta iya daɗewa a sama. Hazonmu bai kai na arewa duhu ba, wannan gaskiya ne, amma kada hakan ya sa mu raina shi, don mai laushin ita ta fi nutsawa cikin ƙirji. A daidai wannan lokaci ne kuma ake ƙone daji a Adamawa da yankin Mbam, manoman kewayen gari su ma suna cinna wa gonaki wuta a Fabrairu da Maris kafin shuka. Wannan hayaƙin yana haɗuwa da ƙurar.

Abin da muke ƙarawa da hannunmu

Hazo daga Allah ne, duwatsu da kwari ma haka muka tarar da su. Amma in mun yi wa kanmu adalci, kaso mai yawa na abin da ke shiga hancinmu a cikin unguwa aka haife shi.

Akwai jar ƙasar Yawunde, wadda taɓon damina yake kwasowa zuwa kan kwalta, in ya bushe taksi da babur su niƙe shi ya zama ƙura. Akwai hayaƙin tsofaffin motoci a cunkoson Mokolo da Warda, kuma mota ta fi hayaƙi in tana hawan tudu, garinmu kuwa duk hawa ne. Akwai itace da gawayi na girki. Akwai wutar tsire da balangu da kilishi, sana'ar da ta sa sunan unguwar nan ya zaga ƙasa, har mutanen gari suke ce wa wajen masu naman ma'aikatar soya. Akwai janareta, wanda ya fi aiki da rani saboda wutar lantarkinmu mafi yawa daga koguna take, in ruwa ya ja baya ita ma sai ta ragu.

Mafi muni a cikinsu duka shi ne ƙona shara. Bolar yau ba irin ta kakanninmu ba ce ta ganye da ɓawon rogo. Leda ce, da robar ruwa, da tsumman nailan, da kunzugun jarirai, wani lokaci har da batir. In suka ci wuta a hankali suna fitar da guba iri-iri, ciki har da wadda ake kira dayoksin, mai haddasa ciwon daji. Gwamnati ta hana ledar nan mara kauri tun 2014, amma kowa ya san ba ta bar hannunmu ba. Kuma yaushe muka fi cinna wa bola wuta? Da magariba ko bayan shara ta asuba, wato daidai lokacin da murfi yake rufe. Sau da yawa ma a bakin rafi ake yi, can ƙasan kwari, inda hayaƙin zai kwana a ɗakunan waɗanda suka fi kowa talauci a cikinmu.

Damina da nata

Ruwan sama yana wanke iska. Bayan ruwan farko na Maris kowa yana jin ƙirjinsa ya buɗe, duwatsu su fito tas. Suratur Rum, aya ta 46 da ta 48, sun ambaci iskoki da girgije da ruwa cikin ayoyin rahamar Allah, kuma wannan wankin yana cikin rahamar.

Sai dai da damina matsalar tana barin titi ta shiga ɗaki. Itace ya jiƙe, jiƙaƙƙen itace kuwa hayaƙinsa ya fi wutarsa. Ruwa ya kori murhu daga tsakar gida zuwa cikin rumfa ko ɗaki. A rufe taga saboda sauro, a kunna maganin sauro na hayaƙi a kwana da shi. Bangon gidajen bakin rafi ya sha danshi ya yi fumfuna, ita kuma tana tayar da asma. Kwata ta toshe da leda, ruwa ya kwanta, wari ya tashi. A ƙaramin rani na Yuli da Agusta kuma gari yana yin lumshi da sanyi-sanyi, rana ba ta da ƙarfin ɗaga iska sosai, ruwan da zai wanke ta kuma ya yi ƙaranci, ga mutane suna jawo kaskon gawayi cikin ɗaki don jin ɗumi.

A nan muna roƙon kowa ya saurara da kyau. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a wayi gari a ɓalle ƙofa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Wanda ya bi wannan sunna ya tsira daga gobara, ya kuma tsira daga wannan gubar.

Me take yi wa jiki?

Baligi yana numfashi wajen sau 20,000 a yini, iskar da ke shiga ƙirjinsa ta haura lita 10,000. Abinci in ya lalace kana iya ture kwano, ruwa in ya gurɓace kana iya tafasawa, amma numfashi ba a jinkirta shi.

Ƙura mai kauri gashin hanci da majina suna tare ta. Mai haɗarin ita ce wadda masana ke kira PM2.5, wadda silin gashin kai ya fi ta kauri kusan sau 30. Ita tana wucewa har ƙarshen huhu, wani sashi ya shiga jini. Daga nan take taimaka wa asma, nimoniyar yara, hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a Faransanci muke ce wa OMS, ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska tana jawo mutuwar mutum kusan miliyan 7 a shekara, kuma hayaƙin cikin gida kaɗai ya ci rai miliyan 3.2 a 2020, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 237,000.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne jarirai, don sun fi manya saurin numfashi kuma huhunsu bai gama ginuwa ba, musamman na goye da ke bayan uwa a bakin murhu. Sai tsofaffi, masu juna biyu, masu asma da ciwon zuciya, da waɗanda sana'arsu ta tsayar da su cikin hayaƙi yini guda: masu tsire, masu tuya, 'yan babur da masu shara.

Abin da malamanmu suka ce

Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, shi ne kuma na 32 a Arba'una ta Nawawi, ɗalibanmu sun haddace shi. Malaman Malikiyya ba su bar shi a kan allo ba. A Mukhtasar na Shaikh Khalil an kawo cewa alƙali yana da ikon hana mutum tayar da hayaƙi irin na gidan wanka, ko wari irin na majema, in yana cutar da maƙwabta. Wani magini na Tunis a ƙarni na 14, Ibn ar-Rami, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, ciki har da na hayaƙi da wari tsakanin maƙwabta. Annabi (SAW) kuma ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda kada ya cutar da masallata. To in warin albasa ya kai haka, ina ga hayaƙin leda da taya a ƙofar maƙwabci mai jinya?

Game da azumi, tambayoyi uku suna yawan zuwa. Ƙurar hanya da hazo da suka shiga maƙogwaro ba da nufi ba, ba sa karya azumi, babu ramuwa, haka yake a mazhabarmu. Turaren wuta kuwa, in mai azumi ya shaƙi hayaƙinsa da gangan har ya kai maƙogwaro, malamanmu sun ce sai ya rama, don haka a yi hattara da kasko da rana. Maganin asma na fesawa a baki kuma malaman zamani sun yi saɓani a kansa, mai wannan lalura ya zauna da likitansa da malaminsa tun kafin wata ya kama. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, wanda numfashinsa ya sarƙe ya ceci ransa tukuna, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Rufe baki a cikin salla makaruhi ne in babu dalili, amma mai lalura da ya sa takunkumi ba shi da laifi.

Haka nan an hana mu zagin iska, don ita umartarta ake yi. An koya mana mu roƙi alherinta mu nemi tsari daga sharrinta. Wanda hazo ya dame shi ya yi wannan addu'a, sannan ya dubi abin da hannunsa yake iyawa.

Abin da hannunmu yake iyawa

A gida: kada a ƙona leda, ko a yi amfani da ita wajen hura gawayi. A kai shara inda motar kwasa take ɗauka. A busar da itace kafin a sa a wuta, a yi girki inda iska take ratsawa, a sauke jariri daga baya a ba wani ya riƙe nesa da murhu. Wanda Allah Ya hore wa gas, ya fi. Kaskon gawayi ba ya kwana a ɗaki, janareta ba ya zama a zaure ko ƙarƙashin taga. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Gidan sauro ya fi maganin hayaƙi. A kwanakin da babu hazo, a buɗe tagogi daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da iskar gari ta fi sauƙi.

A cikin azumi, wutar sahur tana tashi ne a sa'ar da murfi ya fi rufewa, kuma gida ɗari in suka hura tare, unguwa ɗaya suke turnuƙewa. Abin da za a iya dafawa tun da rana ko da yamma a dafa, da asuba a ɗumama kawai. Tsakanin buɗa baki da sahur a sha ruwa sosai, don busasshen maƙogwaro ya fi jin ƙura.

Ga 'yan uwanmu masu nama da masu tuya, ba mu ce a bar sana'a ba, halal ce kuma da ita aka gina gidaje da masallatai a nan. Muna cewa dai a nemi busasshen itace, a rage kitsen da ke ɗiga a kan garwashi, a sa bututu ya ɗaga hayaƙin sama da fuskar mutane, mai aikin kuma ya tsaya ta inda iska take fitowa. Ranar layya kada a babbake kai da ƙafa da taya.

A masallaci da islamiyya: a kakkaɓe darduma a waje bayan rana ta ɗaga, ba a kan mutane ba. A sa turare kafin jama'a su taru, a bar ƙofa a buɗe. Masu babur su kashe inji in sun iso. Yara masu sharar aji su yayyafa ruwa, kuma a ɗauke wa masu asma wannan aiki. Dattijo mai ciwon ƙirji in zai fito asuba a ranar hazo ya rufe hanci. Rawani ko ƙyalle suna tare mai kaurin, takunkumin FFP2 da ake samu a kantin magani shi ke tare mai laushin.

Tarin da ya wuce mako 2, ko mai jini, ko mai zufar dare da rama, ba na jira ba ne, a je a yi gwajin tarin fuka. Asibitin Jamot da ke nan Yawunde an san shi da ciwon ƙirji, kuma maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a ƙasar nan. Yaron da yake numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon limamai su taɓo wannan magana a huɗuba kafin Disamba, malaman islamiyya su karanta wa ɗalibai, masu unguwa kuma su zauna da mutanen kowane lungu a yi alkawari guda: daga magariba zuwa hantsi ba mai cinna wa bola wuta. In wannan kaɗai muka riƙe a ranin bana, mutanen bakin rafi za su fara jin bambanci kafin kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya nuna mana Ramadan da rai da lafiya. Allah ne Mafi sani.